Gidan Marubuci Bayan Mai Gida Ya Tafi

 Masu sauraro na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, sharhinmu na yau a kan gidajen marubuta ne: abin da ke samun gidan mutumin da ya rubuta littafi bayan Allah ya karɓi abinsa, da abin da ya kamata a ce ya same shi.

A cikin garin Bauchi akwai makwancin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kewaye da gini aka buɗe wa masu ziyara a 1979. Kafin ka isa kabarin sai ka bi wani lungu mai duhu, kana lalube kana hawa, haske yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ka fito wani fili marar rufi, ga kabarin nan a ƙasa, ba ado ba ƙyale-ƙyale. Masu yi wa baƙi jagora za su gaya maka cewa duhun nan zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuwa 'yancin kai. A gefe akwai inda aka ajiye wasu daga cikin kayansa da hotunansa. Wuri ne mai sanyaya jiki, kuma duk wanda ya samu hali ya kai 'ya'yansa.

Sai dai mafi yawan masu zuwa wurin, Firayim Minista suke zuwa gani, mutumin da ya karɓi tutar 'yanci a 1960, wanda sojoji suka kashe a watan Janairun 1966. Kaɗan ne ke tunawa cewa shekara 24 kafin ya hau wannan kujera a 1957, yana saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya, sabon malamin makaranta, ya zauna ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan da suka kafa ƙagaggen labari a harshen Hausa.

Ga yadda abin ya kasance. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai da Hausar boko, domin 'yan makaranta sun iya karatu amma ba su da abin karantawa. Aka yi gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida Wusasa tare da shi East ɗin, sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk wani littafin soyayya ko na yaƙi da kika taɓa ɓoyewa a ƙarƙashin filo, 'yar'uwa, daga waɗannan biyar ɗin salsalarsa ta taso.

Shaihu Umar kuwa ya shafe mu nan kai tsaye. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin cinikin bayi, ya biyo ta Kano, wani Balarabe ya ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu ya zama babban malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa tana nema har ita ma ta faɗa bauta. Mu da muke zaune a kan hanyoyin da suka fita daga Kano suka nufi arewa, ta Kazaure zuwa Daura, ko ta Babura zuwa Magarya da Damagaram, ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Ƙasar da irin waɗannan ayarori suka taka ita muke nomawa. Saurayin da ya rubuta wannan littafi ya yi tausayin uwa baiwa a lokacin da akwai tsofaffi da rai waɗanda suka ga kasuwar bayi da idonsu. Ina son yaron da ya je Bauchi ya dawo da sanin wannan mutumin ma, tare da sanin Firayim Minista.

Kuma ku ji yadda abu ke salwanta in ba a kula ba. A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim. Shekaru suka shuɗe ana jin sunan fim ɗin ba a ganinsa, har wasu suka fid da rai. Sai a 2016 aka gano faifansa a cikin wata tsohuwar ma'ajiyar fina-finai, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Labarin Firayim Minista ke nan, wanda hukuma ta kashe wa kuɗi. To ina ga takardun malamin ƙauye?

Ba wai ba mu iya adana gida ba ne. Daga Kazaure ka hau mota ta Dambatta, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci kana Kano. A Gwammaja ga gidan Malam Aminu Kano, Gidan Mambayya, inda ya zauna kuma aka binne shi a watan Afrilun 1983. Yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma an bar ɓangaren da ya zauna don masu ziyara. Wanda ya ga ƙanƙantar ɗakin nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan aƙidar mai shi. Malam ma marubuci ne, shi ya rubuta Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata, ya kuma tsara wasannin kwaikwayo tun yana malamin makaranta. A Nassarawa ga Gidan Ɗan Hausa, gidan ƙasa na Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin farko na rubuta Hausa da baƙaƙen boko. A Kaduna ga gidan Sardauna, wanda ya zama Arewa House. Ga Gidan Makama. Ga tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Imam da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, Bello Kagara ya koyar.

Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan gidaje. Sarauta ce, ko mulki, ko siyasa. Mutumin da aka adana gidansa, an adana ne don ya riƙe jama'a ko ya ja jam'iyya. In ya kasance ya yi rubutu, to rubutun ya ci albarkacin kujera. Alƙalami shi kaɗai bai cika kai mutum ga wannan daraja a wurinmu ba, kuma wannan ne ke damuna.

A Landan akwai wani gida mai lamba 48 a titin Doughty. Charles Dickens ya zauna a cikinsa daga 1837 zuwa 1839, haya ma yake yi, bai cika shekara uku ba. A nan ya rubuta Oliver Twist, labarin marayan nan da da yawa daga cikinmu muka karanta a sakandare. Dickens ya rasu a 1870. Bayan shekara hamsin da wani abu aka tashi rushe gidan, sai wata ƙungiya ta masu karanta littattafansa ta tara kuɗi ta saye shi, aka buɗe shi ga jama'a a 1925. Masu karatu ne suka yi wannan, da aljihunsu. A Masar kuma, a Giza, gidan Ɗaha Husaini yana nan, gidan da ake kira Ramatan. Ɗalibanmu na Larabci sun san shi ta littafinsa Al-Ayyam: yaro makaho daga ƙauye wanda ya je Azhar, ya je Faransa, ya zama ministan ilimi. Ya rasu a 1973, aka mai da gidansa gidan tarihi, da ɗakin karatunsa da littattafansa. Na kawo Masar ne da gangan, don kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce.

To mene ne amfanin shiga gidan marubuci, tunda littafinsa yana kasuwa? Tambaya ce mai kyau, kuma ga amsata. Yaron da aka ba Magana Jari Ce a aji, gani yake kamar littafin haka ya faɗo daga sama da bangonsa da hotunansa. Ba ya kawo wa ransa cewa wani mutum ne mai ciwon kai da bashi da baƙi a ƙofar gida ya zauna ya rubuta shi layi-layi. Ranar da ya ga takardar da marubucin ya rubuta da hannunsa, ya ga inda ya soke jimla ya sake, ya ga inda ya canza wa tauraron labari suna, ranar zai gane cewa rubutu sana'a ce da ake koya, kamar ƙira ko saƙa, kuma shi ma zai iya. Malamin Hausa zai shekara yana faɗar wannan a aji bai shiga ba. Takarda ɗaya mai gyare-gyare za ta shigar da shi cikin minti biyar.

Ku ɗauki Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911. Yana koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, ya zauna wata shida ko kusa da haka ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya karanta Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya narkar da su ya zuba su a cikin fadar Sarkin Hausa da bakin aku, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta a jikinsu. A watan Janairun 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981, aka buga tarihin rayuwarsa da Malam Abdurrahman Mora ya tsara a 1989. Yanzu ku yi tunanin ɗakin da za a jera littattafan da ya karanta a gefe guda, da abin da ya fitar daga cikinsu a ɗaya gefen, da wasiƙun da talakawa suka riƙa aiko wa Gaskiya daga ƙauyuka suna kai kuka. Ɗalibin da ya wuni a wannan ɗaki ya ga yadda Hausar da muke rubutawa yau ta samu ƙafafunta. Ya kamata kowace makarantar sakandare a ƙasar Hausa ta san hanyar irin wannan ɗaki kamar yadda ta san hanyar gidan zu na Kano.

Amma kada mu yaudari kanmu. Akwai dalilai na gaske da suka sa abin yake da wuya a wurinmu, kuma ba jahilci ba ne.

Gidan Bahaushe ba ya zama kango don mai shi ya rasu. Akwai matan mamaci, da 'ya'ya, da jikoki, da ƙanwar da aurenta ya mutu ta dawo. Bayan sadakar arba'in za a zauna rabon gado, kuma haƙƙin magada haƙƙi ne da Allah ya yanka, ba mai ikon hana marayu rabonsu don baƙi su zo kallon tebur. Sau da yawa gidan ba ya rabuwa sai an sayar, wanda ya saya kuma ya rushe ya yi shaguna. Littattafai ma gado ne. Wanda ya taɓa halartar rabon kayan malami ya san yadda ake yi: a ƙiyasta kuɗinsu, wannan ya ɗauki juzu'i na ɗaya, wancan na biyu, na uku ya tafi da shi wani gari. Takardun da aka rubuta da hannu kuwa, da yake ba su da farashi a kasuwa, sai a zuba su a buhu a jefa kan rumbu ko bayan gado, gara da ɓera da yoyon damina su raba su a tsakaninsu.

Sannan cikin gida ba wurin shigar kowa ba ne. Wa zai yarda a riƙa sauke motar 'yan makaranta ana ratsa tsakar gidan mahaifiyarsa? Kuma tun daga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid a 1980, zuwa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan da suka biyo bayansu, mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na rubutun labari da Hausa. Teburin da yawansu gefen gado ne, bayan yara sun yi barci. Wannan ɗaki ba zai taɓa zama na 'yan kallo ba, kuma bai kamata ya zama ba.

Akwai kuma malaman da za su ji tsoron kada abin ya zarce zuwa girmama kayan mamaci da neman tabarruki da su. Ina girmama wannan tsoro. Abin da nake kira a kai ɗakin karatu ne, inda za a zauna a buɗe littafi a yi tambaya. Ba wanda zai shafi tabarau ya shafa a fuska. Mu da kakanninmu suka adana rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u a cikin gafaka shekara ɗari biyu, suna kwafa suna miƙa wa na baya, ba mu ne za a koya wa halaccin adana takarda ba.

Mafitar da nake gani tana cikin ginin gidanmu tun asali, ita ce zaure. Bahaushe ya riga ya raba gidansa biyu: ciki na iyali, zaure na jama'a. A zaure malam yake ba da karatu, a nan mai gida yake karɓar baƙi, a nan almajiri yake kwana. Ƙofarsa titi take kallo, baƙo ya shiga ya fita bai ga matar gida ba. Saboda haka ba sai mun kwaikwayi Landan mun kwashe iyali daga gida ba. Zaure ɗaya ya isa, ko shago ɗaya a jikin gida. A sa kabad mai gilashi, da tabarma ko benci, da kwafin kowane littafi da mai gidan ya rubuta, da rubutun hannunsa, da muryarsa in an taɓa naɗa, da takarda ɗaya a bango mai tarihin rayuwarsa da Hausa. Marubuciya ma zauren gidan mijinta ko na mahaifinta zai ɗauki kayanta, ɗakinta ya zauna da sirrinsa.

Shari'a kuma ta ba da hanya. Mutum yana da ikon ya yi wakafin wani yanki na dukiyarsa tun yana da rai da lafiya, abin da littattafanmu na Malikiyya suke kira hubusi, ba a sayarwa, ba a bayarwa kyauta, ba a gadonsa. Yana kuma da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Da haka ake barin masallatai da rijiyoyi da makarantun allo a garuruwanmu. Ban ga abin da zai hana zauren littattafai shiga wannan sahu ba, tunda ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum kabari.

Yanzu bari in dawo gida. Wani zai ce ai mu nan ba mu da Abubakar Imam. To, amma tun da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a wajajen 1819, ba a taɓa rasa masu alƙalami a cikinta ba. A gidajen limamai da alƙalai na Kazaure da Roni da Gwiwa, da na ƙasar Babura, akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, da wasiƙu, da Alƙur'anai rubutun hannu, da takardun da aka rubuta sunayen sarakuna da shekarun fari da yunwa. Akwai tsofaffin malaman firamare da suka rubuta wasannin kwaikwayo a littafin aji. Akwai matasa maza da mata da suka buga labarai a Kano a shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cika kasuwa, waɗanda yau ko su kansu ba su da kwafin abin da suka rubuta. Irin waɗannan ƙananan littattafai da muka raina, Farfesa Graham Furniss ya tattara su da yawa, suna ajiye a jami'ar SOAS ta Landan. Na gode masa, amma ba daidai ba ne jikan marubuciya ya nemi biza kafin ya karanta littafin kakarsa.

Na yanzu ma sun fi ba ni tsoro. Yarinya tana rubuta labari mai babi sittin a waya, tana turawa ta WhatsApp, dubban mutane suna bi. Ba takarda, ba rubutun hannu, ba inda aka soke aka gyara. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta a kasuwa, shi ke nan. Takardar ajami ta jure shekara ɗari a cikin buhu. Wannan ba zai jure shekara goma ba sai an yi da gangan.

Kayan aikin kuwa muna da su a kusa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga cibiyar koyar da ilimin kwamfuta, ga jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Ɗaliban da ake nema wa aikin kammala karatu za su iya zuwa gida-gida, da izinin masu gida, su ɗauki hoton kowane shafi, su rubuta sunan mai shi da na wanda ya rubuta, su bar wa iyali takardunsu a hannunsu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin mutanenmu sun sha ganin wanda ya zo aron littafin kaka da sunan bincike bai dawo da shi ba, shi ya sa suke ɓoyewa, kuma suna da gaskiya. In Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa, ya sa baki, hakimai da dagatai suka isar da saƙo, ƙofofin da ba za su buɗe wa ɗan jami'a ba za su buɗe.

Ku kuma marubuta da malamai da kuke saurarona, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, wannan aiki ba ya jiran gwamnati. Kai Malam, ke Hajiya, ku tattara abin da kuka rubuta wuri ɗaya, har da wanda kuke jin kunyarsa. A fitar da shi daga buhu a sa a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa kafin ruwan damina ya sauka. Abin da ke cikin waya a kai shagon kwamfuta a buga shi a takarda, kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gidan. Sannan a kira 'ya'ya a gaya musu abin da ake so a yi da zauren da akwatin, a rubuta, a sa shaidu biyu, a kai wa alƙali ya sa hannu, don kada a bar su da gardama ranar rabon gado.